Filin tsaka a tsaye yake

A ƙasar Kurfai, kamar sauran ƙasar Hausa, tsaka ba ta da masoyi. Ƙadangare yakan sha hantsi a kan katanga babu mai kula shi sai yara masu danƙo. Ita kuwa da an hange ta a bango sai a nemi takalmi. Dalili biyu ake kawowa. Na farko shi ne hadisin da ya zo cikin Sahihu Muslim game da ladan kashe ta, tare da ruwayar Buhari cewa ta hura wutar da aka jefa Annabi Ibrahim, alaihis salam. Na biyu tsohon zance ne na iyaye da kakanni: wai in ta taɓa tuwo ko ta faɗa ƙwaryar nono, wanda ya ci zai kamu da kuturta.

Saboda haka ba ƙaramar kasada ba ce wani malamin kimiyyar halittu ya yi a Sanam, garin da aka daɗe ana lissafa shi da Filinge kafin ya koma ƙarƙashin Abala a 2011, sa'ad da ya yarda ɗalibansa su ajiye tsaka guda a aji domin nazari. A ganinsa, inda kayan gwaji suka yi ƙaranci, abin da ke yawo a jikin bango shi ne littafi.

Gidan farko da yaran suka yi mata akwatin katako ne mai faɗi, marar zurfi, da murfin ragar waya. Ɗiyan manoma ne. Tun suna goye suke jin ana auna arzikin mutum da faɗin gonarsa, don haka suka shimfiɗa mata rairayi mai laushi, suka jera tsakuwa, suna ganin sun gama mata gata. Tsaka ba ta ko taka rairayin ba. Ta manne a murfi, ciki sama, tana goga hanci a waya har ya fara ƙujewa, ta kuma ƙi taɓa ƴan farin da ake kama mata.

Amsar tana ƙarƙashin yatsunta. Irin tsakar da ke hawa bango, wadda Faransawa ke kira *tarente*, tana da gashi ƙanana dubu ɗaruruwa a kowace ƙafa, ido ba ya ganinsu, kowanne kuma ya rarrabu a bakinsa kamar tsintsiya. Ba danƙo ba ne, ba tsotsa ba ce. Binciken da Kellar Autumn da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa gashin yana kusantar bango matuƙa, har ƙwayoyin zarra na ɓangarorin biyu su riƙa jan juna. In za ta ɗaga ƙafa, sai ta nannaɗe yatsun sama, ta ɓamɓare su a hankali. Halittar da aka yi wa irin wannan ƙafa, ƙasa a wurinta wajen faɗuwa ce, inda kyanwa da kaji suke.

Da yaran suka fahimci haka, sai aka tsai da akwatin a kan gefensa, kafinta ya ƙara masa tsawo har ya kusa mita ɗaya. Aka mai da ƙofa ta gefe, domin hannun da ke saukowa daga sama firgita ta yake yi. Aka jingina karan gero da reshen aduwa da aka sassaƙe wa ƙaya, aka kafa ɓawon gawo a kusurwa, da ɗan rata tsakaninsa da katako inda za ta lafe da rana. Tsawon ya kawo wani amfani da ba su zata ba: sama ya fi ƙasa ɗumi, saboda haka ta sami zaɓi, takan hau in tana son zafi, ta sauko in ya yi yawa. A watan Afirilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, wannan zaɓi shi ne rayuwarta a ƙarƙashin rufin kwano. Ba ta shan ruwa a kasko. Ɗigon da aka yayyafa a jikin ɓawo take lasa, kamar yadda take lasar idanunta, tun da ba ta da fatar ido mai ƙiftawa.

Ba kowace tsaka ke buƙatar haka ba. Akwai wata mai kaurin wutsiya, ƴar Afirka ta Yamma, da ake fitarwa daga Gana da Togo da Benin zuwa Turai da Amurka, inda ake kiwonta don sha'awa. Ita ba ta da gashin mannewa, a ƙasa take rayuwa. Da ita yaran suka kama, da akwatinsu na farko ya yi daidai.

Labari bai daɗe ba ya isa gidaje, wani dattijo ya zo a madadin iyaye. A nan malamin ya yi abin da ya kamata abokan aikinsa su lura da shi. Bai yi jayayya da hadisi ba; ya ce wannan fagen malaman addini ne, shi ba zai yi fatawa ba. Game da kuturta ya bayyana cewa ƙwayar cuta ce da likita Hansen ya gano a Norwe a 1873, kuma daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa bayan doguwar cuɗanya. Amma bai yi wa tsohon zance dariya ba, domin kashin tsaka yakan ɗauki ƙwayar salmonela mai kawo gudawa, kuma uwar da ke rufe ƙwarya da faifai gaskiyarta ce.

Dattijon bai ce ya gamsu ba. Ya dai gindaya sharuɗɗa: kada yaro ya taɓa ta da hannu, a wanke hannu da sabulu bayan sharar akwatin, kuma kada ta wuce babban hutu a tsare. Da ƙarshen watan Yuni aka buɗe mata ƙofa bayan magariba. Akwatin yana nan a bayan aji, an juye shi kwance, ana zuba alli a ciki.