Hayaƙin Da Ba A Gani

Yau ba ci gaban littafi na zo da shi ba, ku yi mini haƙuri zuwa sati mai zuwa.

Mu marubuta mun iya tsara banɗakin amarya. Tayil har sama, madubi, turaruka, ta murɗa famfo ruwan zafi ya zubo. Ba mu taɓa gaya muku inda ruwan zafin ya fito ba, balle inda hayaƙinsa ya bi. To kwanan nan hitar gas ta fara shiga gidaje, saboda ta lantarki sai da wuta, ga kuɗin mita, ga hunturu ba ya jiran kowa. Mu ma bara muka sayo, don Inna da ta dawo wurinmu, ƙafafunta ba sa son ruwan sanyi, kuma kullum kafin asuba take tashi.

Maigida ya kira mai aikin famfo. Mutumin kirki ne, ya iya aikinsa, amma ya saba da hitar lantarki wadda ba ta numfashi. Ya auna bangon cikin banɗaki ya ce nan za ta zauna. Hayaƙi kuwa, ya ɗauko ragowar farin bututun roba irin na magudanar ruwa, ya ce zai tura shi cikin silin, "daga nan zai watse da kansa, Hajiya."

Na ce, "Malam, ya watse ina? Silin ɗin nan ai har ɗakin yara ya tafi."

Ƙanina da ya yi karatu a Masar shi ya fara tsorata ni tun kafin a sayo. Can gidaje da yawa suna da hitar gas, kuma duk lokacin sanyi sai an ji labarin wanda ya shiga wanka bai fito ba. Haka abin yake a Aljeriya da Pakistan. Idan gas bai sami isasshiyar iska ya ƙone sosai ba, yana fitar da gubar da ake kira kabon monoksayid, irin ta hayaƙin janareta da ke kashe iyali guda a dare ɗaya. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Ciwon kai, jiri, kasala, sai mutum ya sulale. Wanda ya ji wani ya daɗe a banɗaki zai ce wankan amare yake yi. Ki duba banɗakunanmu na zamani: taga kamar tafin hannu, ita ma an toshe da leda saboda ƙura.

Shi ya sa na tsaya kai da fata hitar ta koma waje, jikin bangon baya, aka yi mata 'yar rumfar kwano. Bututun hayaƙi aka sayo na ƙarfe, faɗinsa daidai da bakin hitar, ba a rage ko kaɗan ba. Hayaƙi mai zafi sama yake nema, don haka bututun ya miƙe tsaye tukuna kafin ya karya, in kuma ya kwanta sai ya riƙa hawa a hankali, aƙalla santimita 2 a kowace mita. Lanƙwasa da yawa shaƙe shi take yi. Bakinsa ya wuce rufi, nesa da taga, da hula a kai, saboda ruwan sama da tsuntsaye. Kowace gaɓa an ɗaure ta da noti, ba da salatif ba.

Mai aikin bai ji daɗi ba da farko. Ya ce ya ga a waya Turawa suna fitar da hayaƙin hita da bututun roba. Gaskiyarsa ce, amma rabi. Akwai hita mai tsada da ke tsotse zafin hayaƙinta har ya huce ya zama raɓa, fanka ta tura shi waje. Ita ce kamfani kan yarda a sa wa roba, shi ma irin wanda ya rubuta a takarda. Tamu ta talakawa hayaƙinta ya wuce zafin tafasasshen ruwa. Roba zai yi laushi, ya lotsa, gaɓa ta buɗe, kuma ba wanda zai gani.

Wajen bututun ruwa ne muka fi daɗewa, don nan ne kuɗi suka so su raba ni da maigida. Farin PVC da ake haɗawa da gam arha ne, amma iyakarsa digiri 60, na ruwan sanyi ne. Ruwan zafi sai koren nan, PPR, wanda ake gasa bakinsa da na'ura mai zafin digiri 260 a haɗe shi ya zama abu ɗaya, ko CPVC mai ruwan madara da gam nasa na daban. Ko shi koren akwai na sanyi akwai na zafi, a karanta rubutun jikinsa. Kuma ba a jona roba kai tsaye a jikin hita; aka sa tiyon ƙarfe mai kusan rabin mita tukuna, aka kauce wa bututun hayaƙi. Maigida ya yi ta lissafi yana tsaki. Na ce masa ya lissafa da kuɗin fasa tayil ranar da farin ya kumbura a cikin bango. Ya yi shiru.

Tukunyar gas ma waje take, a tsaye, a inuwa. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, don haka ba a ajiye shi kusa da rariya. Da aka gama, mai aikin ya shafa kumfar sabulu a duk mahaɗa, ba ta yi ƙwai ba. Ya kunna, wutar ta tashi shuɗiya. Ya nuna mini ta ƙaramar kafar ya ce duk ranar da na ga ta koma ruwan ɗorawa, ko baƙi ya fara taruwa a saman hitar, in kashe in kira shi.

Abu ɗaya ya rage mana, 'yar na'urar nan mai batir da ke ihu idan gubar ta taru a ɗaki. Shaguna uku na shiga suna miƙo mini ta gobara, wadda aikinta daban ne. Na ba da saƙo a taho mini da ita daga Abuja, zan rataye ta a lungun da ke tsakanin ɗakin Inna da na yara.