Sanyi a Hanyar Lau

Duk wanda ya taɓa yin bazara a garin Lau, can a gaɓar kogin Binuwai, ba ya bukatar a yi masa lacca a kan zafi. Rana kan fito da ƙarfinta tun hantsi, yashin da kogi ya janye ya bari ya riƙa turiri, iskar da ke kaɗowa ta kan ruwa kuwa sai dai ta manna wa mutum riga a gadon baya. A wannan gari aka yanke mana cibiya, a nan kuma mahaifiyarmu take zaune, ta ƙi dawowa wurinmu, wai ba za ta bar ɗakin mijinta ba. Tun da hawan jini da ciwon sukari suka haɗu mata, sai ya zame mana wajibi mu riƙa kai ta Jalingo ganin likita kowane wata, a cikin wata tsohuwar Toyota Camry ƙirar 1999, wadda ta ga jiya ta ga yau kafin ta faɗo hannunmu daga Kwatano.

A azumin 2024, wanda ya kama cikin watan Maris, mun baro Lau ke nan da 'yar tazara sai muka ji wata ƙara a gaban mota kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, warin ƙonannar roba ya biyo baya, iskar sanyi ta koma hucin murhu. Inna ba ta ce mana uffan ba. Da yake mu ne ɗan fari, ba ta ambatar sunanmu, sai ta dubi jikanta ta ce, "Gaya wa babanka ya sauke gilas." Muka sauke, ƙura da zafi suka shigo tare. Ga shi ta nace sai ta yi azumi. Kafin mu isa Jalingo ta galabaita, har sai da aka kwantar da ita aka ƙara mata ruwa.

Bakaniken farko ya ce kwamfuresa ce ta mutu. Muka sayo ta hannu, irin wadda ake kira Beljiyam, domin tun da darajar naira ta faɗi a 2023 sabuwa ta fi ƙarfin albashin malami. Cikin awa guda ya ɗaura ta, ya ɗura gas, sanyi ya dawo, muka biya muna godiya. Ba ta cika mako uku ba ta bi sawun 'yar'uwarta. Abin kunyar shi ne, mu da kan tsare ɗalibi awa biyu muna tuhumarsa dalilin mutuwar tauraro a cikin labari, ko sau ɗaya ba mu tambayi abin da ya kashe kwamfuresar farko ba.

Wani dattijon bakanike ne, wanda ke wannan sana'a tun Jalingo tana ƙarƙashin jihar Gongola, kafin a ƙirƙiro Taraba a 1991, ya yi mana wannan tambaya. Da muka rasa amsa, sai ya tsiyayo man da ke cikin kwamfuresar a tafin hannunsa. Baƙi ƙirin, yana ƙyalli da garin ƙarfe.

"Dakta," in ji shi, "ba a sayar maka da mushe ba. A motarka aka yanka ta."

Ya zaunar da mu a kan benci ya karantar da mu. Ashe kwamfuresa ba ta yin sanyi da kanta. Aikinta ta matsa gas ta tura shi kondensa, wadda ke gaban lagireto, inda yakan zubar da zafinsa ya zama ruwa; daga nan ya ratsa diraya mai tsotse danshi, ya kutsa ta wata 'yar ƙaramar kafa, ya fesu cikin bututan da ke bayan dashbod, ya sake zama iska yana kwashe zafin cikin mota. Man da ke shafe kwamfuresar tare da gas ɗin yake zagayawa. Saboda haka idan gas ya riƙa zurarewa ta wata roba da ta tsufa, mai ba ya dawowa yadda ya kamata, fistan su riƙa gugar ƙarfe a bushe. Garin ƙarfen nan shi ke watsuwa ya maƙale a kondensa da bututai. Duk sabuwar da aka ɗaura ba tare da an wanke hanyar ba, shi za ta fara haɗiya.

A ƙarƙashin teburinsa akwai gawarwakin kwamfuresa iri-iri, ya riƙa ɗagowa yana gabatar mana da su kamar mai karanto salsala. Ga Sanden SD-508 mai fistan biyar, wadda wani faifai mai rangaji ke turawa, irin da ya saba ɗaurawa a tsofaffin Peugeot 504. Ya ce wannan jaki ce, ba ta da tsada, ba ta da tsirfa. Ga Denso irin ta motarmu, mai fistan biyar masu kai biyu-biyu, wadda kan daɗe ƙwarai muddin ba a bar ta da ƙishin mai ba. Ga wata ta Honda da ba ta da fistan ko ɗaya, sai ƙarafa biyu masu naɗin katantanwa, ɗaya na kewaya cikin ɗaya. Ba ta da ƙara, amma ba ta yafe datti. Sa'an nan ga ta Golf 3, wadda kan rage ko ta ƙara ƙarfin bugunta gwargwadon bukata ta hanyar wani bawul; sau da yawa, in ji shi, bawul ɗin ne kawai ke lalacewa, a jefar da lafiyayyar kwamfuresa don rashin sani. Ya kuma ja kunnenmu game da mai. Motocin da suka riga tsakiyar shekarun 1990 da gas mai suna R12 suka zo, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kawo ƙarshen yin sa. Na bayansu suka koma R134a. Kowane gas da irin mansa, kuma man wancan ba ya bin wannan.

Mu dai a ganinmu, an yi wa kayan Beljiyam ƙazafi fiye da laifinsu. Wata Beljiyam ɗin muka sake saye, sai dai wannan karon dattijon ya juya ta da hannu ya ji bugunta, ya duba manta a kan farar takarda kafin mu biya. Kondensa kuwa ya ce ramukanta sun yi ƙanƙanta da yawa, ba ta wankuwa, dole sabuwa. Aka sake diraya da bawul da robobi, aka wanke bututai, aka auna mai, aka zuƙe iskar ciki da inji fiye da rabin awa kafin a ɗura gas da sikeli. Kwana biyu motar ta yi a garejinsa, kuɗin ya ci fiye da rabin albashi, har muka ɗage biyan wani bashi. Da za mu tafi ya umarce mu da mu riƙa kunna na'urar 'yan mintoci kowane mako, ko da a tsakiyar hunturu ne, don mai ya zagaya robobi kada su bushe.

A tafiyar watan Mayu, muna gab da Kona, Inna ta jawo mayafi ta rufe ƙafafunta, ta yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ta taɓa jikanta.

"Gaya wa babanka ya rage abin nan. Mu ba kifi ba ne."