Wasiƙa Daga Minesota: Makami Da Maye Ba Sa Kwana Wuri Ɗaya

Ƙanena,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da iyalinka da sauran mutanen gida. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara kunno kai. Saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da ka tambaye ni kai tsaye: wai gaskiya ne ina bin Turawa daji muna kwana, ga bindiga a ƙugunsu ga giya a jakarsu? Ka ce tun da Inna ta ji labarin hankalinta bai kwanta ba. To, ka karanta mata wasiƙar nan, amma ka sani rabin maganar taka ce, tunda ka shiga sahun masu sintirin dare a unguwa.

Gaskiya ne ina zuwa. A arewacin jihar nan akwai wata hanyar ƙafa da ake kira Superior Hiking Trail, ta bi gefen Tafkin Superior tun daga wajen birnin Duluth har kusa da iyakar Kanada, tsawon kusan kilomita 500. Mutum yakan goya tantinsa da guzurinsa, ya yini yana hawa da gangara cikin duwatsu da itatuwa, ya yada zango a wuraren da aka ware don kwana. Da abokan aiki nake tafiya. Ka san ba na shan giya, bindiga ma ba na ɗauka. Su kam akwai masu sha, akwai masu lasisin yawo da fistol. Abin da nake so ka ji shi ne yadda masu hankalin cikinsu suke raba waɗannan abubuwa biyu.

A gida, dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin abin da aka haramta wa farar hula sai da izinin shugaban ƙasa. A Amurka kuwa, tun 1791 tsarin mulki ya ba mutane 'yancin mallakar makami. Duk da haka a Minesota ba ka yawo da fistol sai ka yi horo an ba ka lasisi, wanda ake sabuntawa duk shekara biyar. Dokar ta kuma ce da zarar barasar da ke jinin mutum ta haura ma'aunin 0.04, laifi ne ya fita da fistol a jikinsa, alhali ma'aunin direban mota 0.08 ne. Wato sun fi tsananta wa mai bindiga a kan mai sitiyari. A jihar Mishigan ma 0.02 ne kacal.

Sai dai a tsakiyar daji babu ɗan sandan da zai gwada numfashin kowa. Nan doka take komawa halin mutum.

Akwai wani dattijo cikinmu, tsohon soja. Da mun kafa tantuna, kafin a ɗora tukunya, sai ya tambayi jama'a: wa zai sha yau? Idan yana cikin masu sha, sai ya koma gefe ya ba mu baya, ya sa bakin bindigar ya dubi ƙasa. Ya zare gidan harsashi, ya ja saman bindigar baya, harsashin da ke ɗane ya faɗo a tafinsa. Ya haska ciki da tocila, ya zura ɗan yatsa ya taɓa, sannan ya kira wani ya zo shi ma ya duba. Daga nan ya zura kwaɗo mai igiyar ƙarfe ta cikinta ya datse, ya sa ta ƙasan jakarsa, harsasan kuma ya ɗaure su a wata 'yar jaka dabam. Makullin sai ya miƙo mini, don ya san ni zan kwana da hankalina. Sai bayan duk wannan yake buɗe 'yar gorarsa ta wiski. Da safe kuma ba ya karɓar makullin sai ya karya kumallo, ya tabbatar kansa ya washe. Ran da ya ga yana son bindigar ta kwana kusa da shi, to ko ɗigo ba ya taɓawa.

Ka lura da jerin: kullewa tukuna, sha daga baya. Dalili kuwa, abin da giya take fara taɓawa shi ne hankalin da zai gaya wa mutum ya isa haka. Wanda ya ce zai kulle idan ya ji ta fara kama shi, ya danƙa hukunci ga alƙalin da ya riga ya bugu. Ga gajiyar tafiyar yini, ga ƙishirwa, ga ciki ba nauyi, sai kaɗan ta yi aikin mai yawa. Hanta kuma ba a yi mata gaggawa. Ma'aunin nan yana sauka ne da kimanin 0.015 a awa guda, don haka wanda ya kwanta da 0.08 yana bukatar fiye da awa biyar kafin jininsa ya tsarkaka, kuma kofi ko wanke fuska ba sa rage ko minti ɗaya.

Yanzu ka ɗauki dare a zango. Duhu ne wanda ko tafinka ba ka gani. Wani ya fita fitsari, ya taka busasshen reshe a bayan tantin ɗan uwansa. Mai cikakken hankali zai ce, wane ne nan? Mai maye da fistol a ƙarƙashin matashi, hannunsa na iya riga bakinsa. Tanti kuwa yadi ne, ba ya tare komai. Wurare da yawa babu sabis na waya, kuma kafin a fito da mai rauni zuwa bakin titi an ci awoyi. Harsashi zarar bunu ne, in ya fita ba ya komawa.

Za ka ce, to namun daji fa? Akwai baƙar dabbar beyar, akwai kyarkeci, har Minesota ta fi kowace jiha yawan kyarkeci in ka cire Alaska. Amma ba kasafai suke taɓa mutum ba, abinci beyar take bi. Shi ya sa ake rataye guzuri a reshe mai tsawo nesa da tanti, ko a zuba shi a mazubin da ba ta iya fasawa. Akwai kuma feshin barkono da aka yi musamman dominta. A binciken da Tom Smith da Stephen Herrero da abokan aikinsu suka fitar a 2008 kan abubuwan da suka faru a Alaska, kashi 98 cikin 100 na waɗanda suka kare kansu da feshin sun tsira ba rauni. In ka fesa wa ɗan uwanka bisa kuskure, zai sha yaji a ido, amma gobe tare za ku ci gaba da tafiya.

Kada ka ɗauka ina wanke ƙasar nan. A 2021 kaɗai, alƙaluman hukumar lafiyarsu ta CDC sun nuna mutum 48,830 ne suka mutu ta hanyar bindiga, fiye da rabinsu kuma kansu suka kashe. Baƙin ciki da giya da makami a kusa, haɗuwarsu ta raba gidaje da yawa da masu su. Wannan ma dalili ne na kwaɗo, don yana sa tazara tsakanin mugun tunani da aikata shi. A Minesota laifi ne ka bar bindiga mai harsashi inda yaro zai kai gare ta. Akwai kuma waɗanda ba su damu ba, masu fito da fistol a bakin wuta suna nuna wa juna, kwalba na zagayawa. Irin waɗannan ba na sake tafiya da su, kuma nakan gaya musu dalili a fuskarsu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wannan ladabi namu ne tun asali. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana mutum nuna ɗan uwansa da makami, ya hana a miƙa takobi a zare, ya kuma umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani. Mun karanta tun muna yara. Ga shi na zo na tarar da wanda bai taɓa jin hadisin ba yana aiki da ma'anarsa. Shan giyarsa ba na yaba masa, amma sanin cewa ran abokan tafiyarsa amana ne a wuyansa, wannan na yaba.

To, ƙanena, ga taka. Ku ba giya ce matsalarku ba, na sani. Amma tiramol da kodin da wiwi duk maye ne, ko da an ce don a kori barci ko a ƙara ƙarfin zuciya ake sha. Kafin ku fita sintiri, ku dubi idon juna. Wanda ya sha wani abu, a karɓi bindigarsa cikin mutunci ya koma gida, ko da ɗan wane ne. Kada yatsa ya hau kunama sai an ga abin da ake nufi ƙuru-ƙuru, kuma a yi tambaya kafin a ɗaga hannu. In ka dawo da asuba, ka sauke abin da ke cikinta, ka raba ta da albarushi da harsashi, ka kulle inda yaranka ba za su kai ba. Wanda ya ce maka wannan tsoro ne, ka bar shi da maganarsa. Mutanen unguwa sun ba ku makami ne don su yi barci, ba don su riƙa tsoron masu gadinsu ba.

Ka faɗa wa shugabanku wannan shawara a keɓe, sannan ka rubuto mini abin da ya ce. Ka gaishe da Inna da kyau, ka ce mata ina neman addu'arta. Allah ya tsare ku, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu.

Wassalam.

Yayanka.