Gayya da Sa Kai: Labarin Wani Malami a Limawa

Iskar farkon damina ce ta yaye rufin. Cikin dare ta taso daga gabas, ta ratsa duwatsun da suka ba garin Dutse sunansa, ta ɗauke kwanon azuzuwa biyu na wata makarantar firamare da ke gefen mazaɓar Limawa, ta watsar da shi a gonakin mutane. Da gari ya waye yara suka tarar da bencina a jiƙe, katako a kakkarye, darasin jiya kuma ruwa ya wanke shi daga allo.

Ba a jira kowa ba. Bayan sallar Juma'a mai unguwa ya sa aka yi shelar gayya ranar Asabar. Wani ɗan kasuwa ya ba da bandir biyu na kwano, masu baro suka kwaso yashi, kafinta ya ce ladansa na wurin Allah, mata suka aiko da kunu da fura. Kafin la'asar ɗin Lahadi rufi ya koma, aka yi addu'a, aka raba goro, kowa ya kama gabansa.

Cikin waɗanda suka hau saman ginin akwai wani saurayi da bai kai shekara talatin ba. Ya yi karatun NCE a Kwalejin Ilimi ta Gumel, ya dawo gida ya jira aiki bai samu ba, sai hedimasta ya roƙe shi ya riƙe aji uku da aji huɗu kafin a turo malami. Shekara uku ke nan ba a turo ba. Ba shi da albashi, sunansa ba ya cikin kowace takardar biya. Malamin sa kai ake ce masa. Ranar gayya ya ƙirga mutum fiye da arba'in a harabar makarantar. Ranar Litinin da safe shi kaɗai ya tsaya a gaban yaran, kamar yadda ya saba.

A bakin masu shirye-shiryen raya karkara, gayya da sa kai abu ɗaya ne: aikin da ba a biya. A rayuwar Bahaushe kuwa akwai tazara mai faɗi tsakaninsu. Gayya tana da mai ita, wanda ya gayyata. Tana da rana. Tana da abincin da mai gayya zai ciyar. Tana da makaɗin da ke zuga jarumi ya kuma yi wa rago zambo. Mafi girma duka, tana da ramuwa. Wanda ya zo gonarka da fartanyarsa yau bashi ya ba ka, kuma gari duka shaida ne. Shi ya sa ma harshen ya ware suna na musamman ga wanda ya zo ba a kira shi ba, aka ce ɗan gayyar soɗi. Sa kai kuwa, kamar yadda lafazin ya nuna, mutum ne ya sa kansa. Tun da ba wanda ya kira shi, ba wanda yake jin ana bin sa bashi. Ana yi masa godiya, ana sa masa albarka, shi ke nan.

Akwai kuma bambanci a irin aikin. Gayya ta dace da abin da ke ƙarewa: noman gona, ɗora jinka, yashe rijiya, gyaran maƙabarta, rufin aji. Koyarwa ba ta ƙarewa. Yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali bana zai wuce, ƙaninsa ya zauna a gurbinsa baɗi. Wannan matsala ba ta Limawa ce kaɗai ba. Bayan samun 'yancin Kenya a 1963, kiran Harambe na Jomo Kenyatta ya sa ƙauyuka sun gina makarantun sakandare masu yawa da hannunsu, amma samun ƙwararrun malamai da biyansu ya zame wa da yawansu ƙaya, har daga baya gwamnati ta karɓe su. Tada bango aikin mako ne. Riƙe malami aikin shekaru ne.

Ƙasar Dutse ba baƙuwa ba ce ga koyarwar taimakon kai. Ta ga Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, ta ga azuzuwan manya na hukumar da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980, lokacin tana cikin tsohuwar Jihar Kano, hukumar da UNESCO ta ba lambar yabo a 1983. Sai dai tun shirin ilimin firamare kyauta na 1976 wata fahimta ta kafu a zukata, cewa makarantar boko ta gwamnati ce, malaminta ma na gwamnati ne. Kwamitocin kula da makarantu, waɗanda shirin ESSPIN na tallafin Birtaniya ya ƙarfafa a Jigawa da wasu jihohi biyar daga 2008, sun sa iyaye sun fara kallon ginin a matsayin nasu. Amma malamin da ke cikin ginin har yanzu ana ɗaukarsa na wani ne, ko da kuwa wanin bai san da zamansa ba.

A daminar da ta biyo bayan gyaran rufin abin ya kai wa saurayin iya wuya. Mahaifinsa ya tsufa, gonar gerensu ta koma hannunsa, kuma lokacin noman farko shi ne lokacin da yake cikin aji daga safe zuwa azahar. Ciyawa ta rufe shukar. Ga maganar aure ta taso, ga wani kawunsa a Kano ya yi masa tayin tsaron shago a Kantin Kwari. Ya sami hedimasta ya faɗa masa cewa daga ƙarshen zango zai tafi. Hedimasta bai hana shi ba, domin ba shi da abin da zai hana shi da shi. Ya dai kai maganar zauren mai unguwa.

A zauren an daɗe ana juya zancen karo-karo. Wani ya ce kowane uba ya riƙa ba da wani abu duk wata, wani ya tuna cewa an gwada haka a baya, wata biyu aka yi abin ya mutu. Liman, wanda bai ce komai ba tun farko, ya dubi saurayin ya ce, "Malam, gonar taku tana ina?" Ya ce, "Allah gafarta Malam, tana bayan dutse, hanyar Kudai." Liman ya juya ga mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, mu da muka yi karatun allo, wa ya taɓa ganin malaminmu ya bar almajirai ya tafi noma? Gonarsa mu muke nome ta, ga kuɗin Laraba, ga damin zakka da kaka. Wannan yaron 'ya'yanmu yake karantarwa. Don allon nasa baƙi ne sai mu ce ba malami ba ne?"

Abin da Liman ya yi shi ne ya fitar da saurayin daga rukunin sa kai ya mayar da shi cikin lissafin ramuwa. Daga ranar, safiyar da yake ɓatawa a aji ta zama bashi a kan unguwa, bashin da ake iya biya da abin da talaka yake da shi, wato ƙarfin jikinsa. An sa rana. Mutum goma sha tara suka fita, wani dattijo ya kakkaɓe gangar nomansa da ta daɗe a rataye, mahaifiyar malamin ta dama fura, kafin azahar an gama. Aka koma maimai bayan mako uku. Da kaka ya ɗaure damin da bai taɓa ɗaure irinsa ba tun da ya karɓi gonar. Ya aika wa kawunsa da haƙuri.

Ba za a ce an warware matsalar ba. A damina ta biyu mutum goma sha ɗaya suka zo, yawancinsu masu furfura. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Tun da Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991, musamman bayan kafa Jami'ar Tarayya a 2011, gonakin da ke kewaye da gari suna komawa filayen gini, kuma wanda ya sayar da gonarsa ba shi da inda za a rama masa gayya. Samari sun fi ganin riba a acaɓa da leburanci, inda ake biya kafin rana ta faɗi. Maganin feshi da 'yan ƙwadago sun rage buƙatar haɗa hannu. Shirye-shirye irin su N-Power na 2016 da J-Teach na jiha sun ɗebi wasu daga cikin irin waɗannan malamai, wasu kuma suna nan suna cike takardu suna jira. Haƙƙin biyan malami yana wuyan hukuma, kuma gayya ba ta sauke mata shi ba. Ta dai hana aji biyu zama babu kowa kafin a sauke.

Malamin yana nan. Yana riƙe da wani ƙaramin littafi da yake rubuta sunayen waɗanda suka zo gonarsa, domin ya ce ko ba a tambaye shi ba, ranar Asabar da lokacin hutu yana zuwa tasu. Kawunsa ya sake yin magana bayan salla, ya ce shagon ba zai jira har abada ba. Ya amsa masa cewa a bari a ga damina mai zuwa. Mai unguwa kuma ya riga ya faɗa wa mai shela cewa da zarar shuka ta yi ganye huɗu ya zagaya.