Jajibirin Salla A Dalijan: A Bayyana Lissafi, A Rufa Asirin Mai Karɓa

Galibi idan aka ce za a ba da labarin Salla a ƙasar Hausa, abin da mai sauraro yake jira shi ne hawan sarki, da dawaki, da algaita, da sababbin riguna. To, mu yau ba can muka nufa ba. Labarinmu na kwana ukun da ke gabanin Salla ne, a wani gari na ƙasar Gwandu da ake kira Dalijan, inda muka tarar da mutanen kirki suna gardama a kan buhunan gero. Mun ga ya kamata 'yan kasuwa da ma'aikata su ji yadda aka ƙare, domin su ne masu aikawa da kuɗi gida duk ƙarshen azumi.

Mun yi wannan tafiya ne a azumin shekarar 1445, watau watan Afrilu na 2024. Wanda ya gayyace mu wani aboki ne, ma'aikacin gwamnati a Kalgo, shi ne kuma magatakardan ƙungiyar 'yan asalin garin. Ran Lahadi, 28 ga azumi, muka taso daga Kalgo da hantsi, muka ratsa Birnin Kebbi, muka fuskanci gabas. Bazara ce tsagwaronta. Gonaki fayau, ba kome sai kututturen kara da awaki suna neman inuwa. Amma inda duk ƙasa ta gangara aka sami fadama, sai ido ya huta da kore, gama wannan yanki ya daɗe da shahara wajen noman albasa.

Motarmu cike take da masu komawa gida: fataken albasa daga Kudu, da 'yan cin rani, da almajirai, kowa da ƙullinsa. Hirarsu ɗaya ce, tsadar hatsi da kuɗin mota, waɗanda suka yi ta hawa tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Wani dattijo a kusa da mu ya ce bara ya zo da buhu, bana kuwa da rabi ya zo, amma zuwan ba ya fasuwa.

Dalijan tana cikin ƙaramar hukumar Gwandu, a Jihar Kebbi, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato ran 27 ga Agusta, 1991. Wanda duk ya taka wannan ƙasa ya taka tarihi. A shekarar 1805 ne rundunar jihadi, a ƙarƙashin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, ta ci Birnin Kebbi, jama'ar Shehu Usmanu kuma ta zauna a Gwandu. A ƙarshen wannan shekara aka yi yaƙin Alwasa, inda jama'a ta sha wuya ƙwarai. Ba da daɗewa ba Malam Abdullahi ya ga son duniya da son girma sun soma shiga zukatan mutane, ransa ya ɓaci, ya bar runduna ya nufi Makka. Mutanen Kano suka tsai da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami a kan yadda ake riƙon amanar jama'a, sa'an nan ya komo. Da aka raba kula da ƙasa a 1812, shi aka danƙa wa yamma. A Gwandu kabarinsa yake har yau. Mun kawo wannan ne domin gardamar da muka tarar a Dalijan ita ce dai wadda ta dami wancan bawan Allah, watau riya da amana.

Ƙungiyar da muka sauka a hannunta ba ta da wani ofis. Tana da shugaba, da magatakarda, da ma'aji, da littafin rasit, sai dattawa masu ba da shawara. 'Ya'yanta iri biyu ne, mazauna gari masu ba da ƙarfi, da na waje masu ba da kuɗi. Duk azumi sukan yi karo-karo. Da shi ake sayen man janareta don tafsiri da asham, da gero da sukari na kunun masu buɗa baki a masallaci, da hatsin da za a raba wa mabukata. Mata kuma suna da nasu adashin, da shi suke sayen yadi su kai wa teloli a ɗinka wa marayu kayan Salla.

Daren da muka isa, bayan an idar da asham, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan shugaba. Da farko liman ya yi bayani a kan buhunan da aka tara, ya ce kashi biyu ne, kada a gauraya su. Kashi ɗaya sadaka ce ta ganin dama, ana iya juya ta ga kowane aikin alheri. Ɗayan kuwa zakkar fid-da-kai ce, ta waɗanda suka aiko da kuɗi suka wakilta ƙungiya ta saya musu hatsi. Ita wannan sa'i guda ce a kan kowane rai, watau mudun Annabi huɗu, daga abin da mutanen gari suka fi ci. Hakkin matalauta ce tsantsa, ba a gina katanga da ita, ba a sayen tabarmar masallaci da ita. Ya ƙara da cewa abin da aka fi so shi ne a fitar da ita da safiyar Salla kafin a tafi idi, amma malamanmu na Malikiyya sun yarda a gabatar da ita da kwana ɗaya ko biyu. Matafiyi kuma ya fitar da tasa inda Salla ta riske shi, ko ya yi wa iyalinsa wasiyya su fitar masa a gida.

Daga nan sai wani Alhaji, ɗan kasuwa, wanda ya fi kowa ba da gudummawa, ya nemi izini. Ya ce shi a ganinsa a kafa rumfa a bakin kasuwa, a ɗaura lasifika, a kira sunayen waɗanda suka bayar, masu karɓa su yi layi, a ɗauki hotuna a sa a Facebook. Kada mai karatu ya yi saurin zarginsa, gama hujjarsa mai ƙarfi ce. Ya ce: "Jama'a, mu da muke waje ba ma ganin kome. Ƙungiya nawa muka sani a garuruwa da dama waɗanda suka mutu domin an tara kuɗi an rasa inda suka shiga? Idan 'yan'uwanmu na Legas da Ibadan ba su gani da idonsu ba, baɗi ba za su aiko ba. Gani ya kori ji." Samari da yawa suka goyi bayansa.

Wuri ya yi tsit. Can sai wani tsoho, mai unguwa, ya gyara zama ya ce: "Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, maganarka gaskiya ce. Amma ni a unguwata akwai matar da mijinta ya rasu da kaka. Shi ne wanda ya kan yanka rago ya aiko wa maƙwabta. Yau kwana biyu ba a ga hayaƙi a gidanta ba, ba ta kuwa faɗa wa kowa ba. Ko za ta mutu da yunwa ba za ta tsaya a layin bakin kasuwa ba. Wanda zai zo layinka shi ne wanda ya saba da roƙo. Wanda aka yi zakkar dominsa yana cikin ɗaki." Alhaji ya sunkuyar da kai, ya ce: "To, Baba, yaya za a yi? In an ɓoye, a ce an ci. In an bayyana, a ce an tona."

Liman ne ya raba gardamar. Ya ce abubuwa biyu ne aka haɗa, alhali kuwa ba ɗaya ba ne. Akwai lissafi, akwai mai karɓa. Lissafi hakkin masu bayarwa ne, tilas a bayyana shi har kwabo. Fuskar mai karɓa kuwa amana ce, tilas a rufe ta. Aka tsaya a kan cewa kowace unguwa mutum uku za su san gidajen, watau mai unguwa, da limamin masallacinta, da wata dattijuwa, gama mata sun fi sanin tukunyar da ba ta hau murhu ba. Su ukun za su shaida adadin tiyoyin da suka karɓa da yawan gidajen da suka kai, ba tare da suna ba. Hoto kuwa a ɗauki na buhuna da na littafin rasit, a aika wa na waje. Alhaji ya ce: "Allah ya gafarta Malam, na yarda. Kuɗin rumfar ma a ƙara a kan gero."

Ran Litinin, da aka sallame sallar asuba, mai shela ya zaga gari, aka fita aikin gayya tun rana ba ta yi zafi ba. Wasu suka nufi filin idi da manjagara da tsintsiya, suka kwashe ƙaya da tsakuwa, suka ja igiya suka fitar da sahu. Wasu suka nufi maƙabarta da shebur da kwanduna, suka cike kaburburan da ruwan bara ya zaftare, suka toshe inda dabbobi ke shiga. Mun ga malamin makaranta da ɗan acaba suna ɗauke da kwando guda, mun ga abokinmu magatakarda, wanda a Kalgo ake miƙe masa, yana tura baro, ƙura har gira. Duk da azumi a baki ba mu ji mai ƙorafi ba. Hannu da yawa, in ji Hausawa, maganin ƙazamar miya.

Da magariba jama'a suka yi cirko-cirko suna duban yamma, yara suna ta nuna abin da ba shi ne ba. Wata bai tsaya ba. Can da dare aka ji sanarwa daga fadar Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar, cewa za a cika azumi talatin, Salla sai Laraba, 10 ga Afrilu. Teloli suka yi hamdala don sun sami ƙarin yini. Matan gida kuwa da suka riga suka jiƙa shinkafa suka yi ta dariyar kansu.

A daren aka soma rabo. An ba mu izini mu bi amalanke guda, bisa sharaɗin ba za mu rubuta suna ko mu kwatanta gida ba. Ba fitila, ba hayaniya. Idan aka zo ƙofa sai maza su tsaya daga nesa, dattijuwar ta ɗauki ƙullin ta shiga kamar mai zuwa hira. A wani gida muka ji muryar tsohuwa daga zaure tana tambaya: "Wa ya aiko?" Aka ce mata: "Inna, 'ya'yanki ne." Ta ce: "Waɗanne?" Aka ce: "Duka." Ta yi shiru, sa'an nan ta shiga sa albarka, tana roƙa wa matafiya sauka lafiya, da 'yan kasuwa ciniki mai albarka. Muka ce a ranmu, da Alhaji yana nan da ya san abin da ya saya da kuɗin rumfarsa.

Ran Laraba gari ya fita idi. Kowa ya taɓa ɗan abinci kafin ya fito, kamar yadda sunna ta koyar a ƙaramar Salla, aka tafi ana kabbara. Liman ya yi raka'a biyu, kabbara bakwai a ta farko, shida a ta biyu, ya yi huɗuba, aka komo ta wata hanya dabam. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yara. Mun duba sahunsu da kyau, ba mu iya rarrabe maraya da mai uba ba. Da hantsi kwanonin tuwon Salla suka yi ta ketare titi, har daga gidajen da amalanke ya tsaya shekaranjiya, gama su ma sun sami abin aika wa maƙwabta.

Kashegari da la'asar aka sake shimfiɗa tabarmi, ma'aji ya buɗe littafi a gaban kowa. Ya karanta abin da ya shigo, da abin da aka saya, da kuɗin dako, da ladan masu amalanke. Ya ce buhu guda da aka saya an tarar ƙwari sun ɓata gindinsa, an auna abin da ya ragu, an cike daga asusun sadaka domin kada zakkar wani ta tauye. Mutum biyu da ba sa cikin shugabanni suka duba rasit suka sa hannu. Kafin a tashi an ɗauki hoton shafin an aika wa na Kudu.

To, 'yan'uwa, ga abin da muka gani. Kusan babu garin da ba shi da irin wannan ƙungiya, amma kaɗan ne suke yin tsawon rai. Wasu rashin lissafi ke kashe su, wasu neman suna, wasu kuma siyasa ce take shiga ta raba kan 'yan gari ɗaya. Kai ɗan kasuwa da kake aika kuɗi, hakkinka ne ka tambayi lissafi, ba rashin kunya ba ne, taimakon ma'aji ne. Amma kada ka nemi a nuna maka fuskar wanda ya ci. Kai ma'aikaci da ka iya alƙalami, ka ba garinku awa biyu ka tsara musu littafi, wannan ma sadaka ce. Kuma a aika da wuri, domin geron da ya iso bayan an sauko idi ya riga ya rasa rabin amfaninsa.

Mun baro Dalijan ran Juma'a da sassafe, muka ratsa ta Gwandu muka yi wa Malam Abdullahi addu'a. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya tsare ayyukanmu daga riya, ya ba mu ikon riƙon amana, ya maimaita mana. Amin.