Dutsen da Ba Mu Hau Ba

Kaka ita ce lokacin da ƙasar yammacin Kano ta fi kyau. Ruwa ya ɗauke, hunturu bai kankama ba, dawa ta sunkuyar da kai, rake kuma ya cika fadamun Rogo. A irin wannan lokaci ne, cikin watan Nuwamba, ni da abokaina biyu da muka gama jami'a tare muka ƙuduri hawan duwatsun da ke tsakanin Karaye da Rogo. Burinmu shi ne mu hango madatsar ruwa ta Challawa daga sama, wadda aka kammala a 1992, ta kuma sauya rayuwar manoma da masuntan yankin.

Dutse na farko bai ba mu wahala ba. Daga kansa muka ga gonaki shimfiɗe kamar tabarma, ga dammunan dawa a jingine, ga ruwan yana ƙyalli can nesa. Na biyun, wanda ya fi tsayi, shi muka bar wa la'asar.

Muna gangarowa muka ji kukan inji. Wata tsohuwar a-kori-kura ce ta kafe a yashin rafi, ɗauke da buhunan masara. Direban dattijo ne, gumi ya jiƙa masa riga.

"Sannu, Baba. Tun yaushe?"

"Tun azahar, 'ya'yana. Masarar nan ba tawa ba ce, amanar mutum huɗu ce. Idan dare ya same ni a nan, ban san me zan faɗa musu ba."

Babu wanda ya ce a fasa hawan dutse. Jakunkunanmu kawai muka ajiye. Sai da muka sauke buhu goma sha biyu. Wanda bai taɓa saɓa buhun masara ba bai san nauyin abincin da yake ci ba, kuma a ranar digirinmu bai rage mana ko mudu ɗaya ba. Dattijon ne malaminmu. Ya sa muka tone yashin da ke gaban tayoyin baya, ya rage musu iska don su baje, ya ɗaga motar da jak, muka cusa duwatsu a ƙasa. Wani manomi da ke girbi kusa ya ba mu karan dawa runguma uku, muka shimfiɗa har bakin gaɓa.

Sau biyu tana zamewa. A karo na uku muka tura da iya ƙarfinmu, ta yi gurnani, ta haye.

Kafin mu gama mayar da buhunan, rana ta yi ja, inuwar dutsen ta rufe rafin. Dattijon ya laluba aljihu, muka riƙe hannunsa.

"Haba, Baba, addu'a dai."

"To ku hau, in kai ku Karaye. Allah Ya yi muku albarka."

A kan buhunan muka zauna, ƙura na tashi a bayanmu, kafaɗuna na zogi. Ana kiran magariba muka shiga gari.