Yaro Ɗaya, Baiwa Biyu: Yadda Aka Auna Shohei Ohtani

Mu da muka tashi da ƙwallon ƙafa, da za a ce mana mai tsaron gidan wata ƙungiya shi ne kuma ya fi kowa zura ƙwallo a raga, sai mu ce tatsuniya ce. To, a wasan besbol, wanda ake ji da shi a Amurka da Japan, an yi wani ɗan sakandare da ya jefa manya cikin irin wannan ruɗani. Sunansa Shohei Ohtani. Abin da ya ja hankalinmu a labarinsa shi ne yadda aka auna shi tun yana ɗalibi, domin mu ma kullum auna mu ake yi.

Bari mu fara da wasan kansa. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu, ya wurga ƙwallo daga nisan mita 18 da ɗoriya. Mai bugu yana jiransa da sanda. Idan jifa mai kyau ta wuce mai bugu sau uku, ya fita. Idan kuwa mai jifa ya kauce wa saiti sau huɗu, mai bugu ya samu zangon farko a kyauta. Idan ya maka ƙwallon ta tsallake katangar fili, wannan shi ne hom-ran. Jifa sana'a ce guda, bugu ma sana'a ce guda. Shi ya sa ƙwararru ke riƙe ɗaya su saki ɗaya.

Masu farautar 'yan wasa a Amurka suna ba kowace ƙwarewa maki daga 20 zuwa 80, inda 50 ke nufin matsakaicin ƙwararre. Ga mai jifa, suna duba gudun ƙwallonsa da na'ura, da saitinsa, da yadda yake lanƙwasa ta a iska, da ko motsin jikinsa zai jawo masa rauni. Ga mai bugu, suna duba kaifin idonsa, da ƙarfin bugunsa, da gudunsa, da cafkewa, da ƙarfin hannunsa. Ba sa sakin jiki da alƙaluman sakandare, saboda ɗalibai da sandar ƙarfe suke bugu, ƙwararru kuwa da ta katako, wadda ba ta yafe kuskure. Tambayarsu ita ce: me yaron nan zai zama nan da shekara biyar?

An haifi Ohtani a 1994 a lardin Iwate da ke arewacin Japan, ya yi karatu a sakandaren Hanamaki Higashi. A shekararsa ta biyu ciwon ƙugu ya rage masa jifa, sai ya duƙufa kan bugu. A watan Maris na 2012 makarantarsa ta kara da Osaka Toin a filin Koshien, inda ake babbar gasar sakandarun ƙasar. A ranar ya buga wa shahararren mai jifa Shintaro Fujinami hom-ran. Da jifarsa ya fitar da mutum 11, amma ya ba da zango kyauta sau 11, aka lallasa su da ci 9 da 2. A watan Yuli na shekarar ya jefa ƙwallo mai gudun kilomita 160 a awa, abin da babu ɗalibin da ya taɓa yi a Japan. Duk da haka aka doke su a wasan ƙarshe na lardi.

Da mu ne riƙe da takardar maki, me za mu rubuta? Gudun jifa ya kai ƙololuwa, saiti kuwa da sauran aiki. Ƙarfin bugu akwai shi, ga hom-ran 56 a shekarun sakandare, sai dai da sandar ƙarfe aka yi su. Ga tsawo mita 1.93, jikin bai gama cika ba. Wanda ya kalli 160 kawai zai ce an gama. Wanda ya kalli kyautar zango 11 kawai zai ce a bar shi. Mai auna na ƙwarai yakan raba aibu gida biyu: wanda horo ke gyarawa da wanda ba ya gyaruwa. Saiti ana koyonsa. Irin wannan hannu kuwa ba a sayensa a kasuwa.

Yawancin masu zawarcinsa mai jifa suka gani, shi ma ya sanar a watan Oktoba cewa Amurka zai tafi. Sai ƙungiyar Nippon-Ham Fighters ta zaɓe shi duk da haka, ita da kocinta Hideki Kuriyama suka yi masa tayin da babu wanda ya yi: ya riƙe duka biyun. Wasu tsofaffin 'yan wasa suka soki shirin, suna ganin taura biyu ba ta taunuwa. A 2013 sakamakon bai taka kara ya karya ba: nasara 3 a jifa, hom-ran 3. Ƙungiyar ta yi haƙuri. A 2014 ya samu nasara 11 da hom-ran 10. A 2016 ya zama gwarzon rukuninsu, ƙungiyar ta ci kofin Japan. Bayan ya koma Amurka ya zama gwarzon rukuninsa a 2021 da 2023, sannan Los Angeles Dodgers ta ba shi kwantiragin dala miliyan 700 na shekara 10.

Kada mu ɗauka masu sukar ba su da hujja. Sau biyu aka yi wa Ohtani tiyata a gwiwar hannu, a 2018 da 2023, kuma bai yi jifa ko ɗaya a gasa ba a kakar 2019 da ta 2024. Hunter Greene, wani ɗan sakandaren Amurka mai baiwa biyu da Cincinnati Reds ta ɗauka a 2017, ajiye sandar ya yi ya riƙe jifa, kuma ya yi suna a haka. Zaɓar ɗaya ba faɗuwa ba ce. Abin ƙi shi ne a zaɓar wa yaro tun ba a auna ɗaya baiwar ba.

Nan ne abin ya shafe mu. Da shigarmu babbar sakandare ake raba mu, wannan ajin kimiyya, wancan ajin adabi, sau da yawa bisa sakamakon jarrabawa guda. Yarinyar da ta iya lissafi kuma take rubuta gajerun labarai sai a ce ta ajiye alƙalami. Aji ɗaya za mu zauna, wannan dole ne, amma babu dokar da ta ce mu binne ɗaya baiwar. Muna roƙon malamanmu su auna mu kamar masu farautar nan: kowace ƙwarewa da makinta, kuma a faɗa mana aibun da zai gyaru.

Mu ma da namu nauyin. Tun yana ajin farko, Ohtani ya cike wani jadawali mai gida 81 da kocinsa Hiroshi Sasaki ke sa ɗalibai su cike. A tsakiya ya rubuta burinsa, ya kewaye shi da abubuwan da zai gyara, ciki har da saiti, da gina jiki, da gaisuwa, da tsintar shara. Tun kafin a faɗa masa ya san inda yake da rauni. Mai son riƙe baiwa biyu sai ya yarda da aiki ninki biyu. Mu samu takarda a makon nan, mu rubuta abu biyun da muka iya, a ƙarƙashin kowanne mu jera abin da ya rage mana, sannan mu kai wa malamin da zai gaya mana gaskiya.